Inabin giya da yanayi: yadda zafi, ruwa da ƙasa ke sauya amfaninsa

A garin Beaune da ke yankin Bourgogne na ƙasar Faransa akwai tsoffin takardu masu nuna ranar da aka fara ɗibar inabi, shekara bayan shekara, tun daga 1354. A 2019 wasu masu bincike suka tattara waɗannan ranaku suka kwatanta su. Sun gano cewa daga 1354 zuwa 1987 akan fara ɗiba ne wajen 28 ga Satumba. Daga 1988 kuwa, ranar ta dawo wajen 15 ga Satumba. Inabin ya riƙa nuna da wuri da kwana 13, kuma babban dalili shi ne ƙaruwar zafi.

Musulunci ya haramta giya, kuma yawancin mutanen Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa sun san inabi ne a matsayin kayan marmari da ake gani a kasuwa. Sai dai itacen da ake matse ƴaƴansa a yi giya da wanda ake cin ƴaƴansa ɗanye ko a shanya su su zama zabibi, duk jinsi ɗaya ne. Saboda maƙudan kuɗin da ke cikin sana'ar giyar inabi, da wuya a sami wata shuka da aka bi diddigin dangantakarta da yanayi kamar wannan. Abin da aka koya a kanta yana da amfani ga mai noman inabin ci, da ma duk mai lambu.

Itacen da wuraren da yake yi

Masana suna kiran itacen da suna Vitis vinifera. Mai yaɗo ne, yana fara ba da amfani a shekara ta uku bayan dashe, yana kuma iya rayuwa shekaru 50 ko fiye. An fara nomansa ne a yankin Kokasus da Gabas ta Tsakiya. A ƙasar Jojiya an tono tsoffin tuluna masu alamar giyar inabi da suka kai shekaru kusan 8,000.

Ƙungiyar OIV, wadda ke kula da harkar inabi a duniya kuma mazauninta yake a birnin Dijon, ta ƙiyasta faɗin gonakin inabi na duniya a 2024 da hekta miliyan 7 da ɗoriya. Sifaniya ce ke kan gaba a faɗin gonaki. Kusan rabin inabin da ake nomawa matse shi ake yi, sauran kuma a ci ɗanye ko a shanya.

Idan aka dubi taswira, za a ga yawancin gonakin inabin giya sun jeru a ɗamara biyu: tsakanin digiri 30 da 50 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kuma tsakanin digiri 30 da 50 a kudu da shi. A ɗamarar arewa akwai Faransa, Italiya, Sifaniya, Fotugal, Jamus, Girka, Maroko, Aljeriya da Kaliforniya ta Amurka. A ta kudu akwai Chile, Ajantina, Afirka ta Kudu, Ostiraliya da New Zealand. Yamai da Maraɗi suna wajen digiri 13 da rabi ne, wato nesa da wannan ɗamara. Abin da ya haɗa waɗancan wurare shi ne, a watanni bakwai da itacen ke girma, matsakaicin zafinsu yakan tsaya tsakanin digiri 12 da 22 a ma'aunin Selsiyus, sannan suna da lokacin sanyi na sosai da itacen ke hutawa.

Yadda shekarar itacen take

A Turai itacen yana zubar da ganye a Nuwamba ya shiga barci. A wannan hali yana iya jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Lokacin ne manomi ke datse rassa, ya bar idanu kaɗan da za su fitar da sabon toho.

Da zarar matsakaicin zafin yini ya haura digiri 10, a Maris ko Afrilu, sai idanun su fashe. Fure yana fitowa a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Idan aka yi sanyi ko ruwa mai yawa a makon fure, furanni da dama sukan zube ba su ƙulla ba, amfanin shekarar ya ragu tun daga nan. A Yuli ko Agusta ƴaƴan sukan fara laushi su canza launi, daga kore zuwa ja ko baƙi, ko zuwa ruwan ɗorawa ga farin inabi. Daga nan sukari ke taruwa a cikinsu. Ana ɗiba tsakanin Agusta da Oktoba. Tsoffin manoman Faransa suna lissafin kwana 100 daga fure zuwa ɗiba. A ƙasashen kudancin duniya lokutan a juye suke: a Afirka ta Kudu da Ajantina ana ɗiba ne daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Kowane mataki yana da irin yanayin da yake so, shi ya sa ba a auna kyawun shekara da jimillar ruwa ko zafi kawai. Lokacin da suka zo ma abin dubawa ne, kamar yadda manomin hatsi ya san cewa ruwan da ya ɗauke lokacin da gero ke fitar da kai ya fi ɓarna a kan wanda ya yi jinkirin sauka a farkon damina.

Abin da zafi ke yi a cikin ƙwayar inabi

Abubuwa huɗu ake dubawa a ƙwayar inabin giya: sukari, tsami, launi da bauri.

Sukari daga ganye yake zuwa, da taimakon hasken rana. Ganyen ya fi aiki tsakanin digiri 25 da 30. Idan zafi ya wuce 35 aikin yakan ja baya, idan ya wuce 40 ganye da ƴaƴa suna iya ƙonewa. Ruwan nunannen inabi yana ɗauke da sukari gram 200 zuwa 250 a kowace lita. Wannan sukarin ne yis ke mayarwa barasa: kimanin gram 17 a lita yana ba da digiri ɗaya na barasa. Saboda haka inabin wuri mai zafi giyarsa ta fi ƙarfi.

Tsami kuwa raguwa yake yi yayin da ƙwayar ke nuna. Akwai tsami iri biyu a cikinta. Ɗaya, wanda Faransawa ke kira tartrique, ba ya saurin gushewa. Ɗayan, malique, irin wanda ake ji a ɗanyen tuffa, itacen yana ƙone shi da sauri idan ana zafi, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Shi ya sa manoma ke son wurin da rana ke zafi, dare kuma ya yi sanyi: sukari ya taru da rana, tsami ya tsira da dare.

Launi da bauri suna cikin fatar ƙwayar da ƙwallayenta. Baurin shi ne irin abin da ke kama baki idan an ci goro ko ɗanyar kanya. Hasken rana yana taimaka wa launi, amma zafi mai tsanani yana hana shi fitowa sosai. A shekarar zafi sukari yakan cika tun bauri bai nuna ba. Sai manomi ya rasa yadda zai yi: in ya ɗiba da wuri baurin ɗanye ne, in ya jira sukari ya yi yawa, tsami ya tafi.

Ƙamshi ma yana bin yanayi. Irin da ake kira Cabernet Sauvignon, idan bai sami isasshen zafi ba, yana warin ɗanyen tattasai. Chardonnay na Chablis, a arewacin Bourgogne, yana da tsami da ƙamshin lemun tsami. Wannan iri dai, idan aka noma shi a wuri mai zafi na Ostiraliya, ƙamshinsa ya fi kusa da na abarba.

Kowane iri yana da zafin da yake buƙata. Pinot noir, Riesling da Chardonnay sun dace da wurare masu sanyi irin su Champagne, Bourgogne da Jamus. Merlot da Cabernet Sauvignon sun dace da Bordeaux. Grenache, Carignan da Mourvèdre suna son zafin bakin tekun Bahar Rum. Don a san irin da ya dace da wuri, malamai biyu na jami'ar Kaliforniya da ke Davis, Amerine da Winkler, sun fitar da wani lissafi a 1944: a kowace rana ta lokacin girma a ɗauki abin da zafi ya ɗara digiri 10 da shi, a tara jimilla, sannan a kasa yankuna gida biyar. A 1978 wani Bafaranshe mai suna Pierre Huglin ya fitar da nasa lissafin, wanda ya sa tsawon yini a ciki, domin a arewacin Turai yinin watan Yuni yana kai awa 16.

Inda yanayi ya gaza, masu matsa sukan gyara. A wurare masu sanyi doka ta yarda a ƙara sukari a ruwan inabin kafin ya tsimu, dabarar da ake kira da sunan Jean-Antoine Chaptal, wanda ya yaɗa ta a 1801. A wurare masu zafi kuwa tsami ake ƙarawa.

Ruwa da ƙishirwa

Itacen inabi yana jure fari. Saiwarsa tana nutsawa mita da dama idan ƙasa ta ba ta hanya. Ruwan sama milimita 500 zuwa 600 a shekara yana isarsa a wurare da yawa, wato kusan abin da Yamai ke samu, sai dai a can rana ba ta shanye ruwan da sauri kamar a Sahel. Bordeaux tana samun kusan milimita 900.

Manomin inabin giya ba ya son itacen ya ƙoshi da ruwa bayan ƴaƴa sun ƙulla. In ruwa ya yi yawa, itacen yakan ci gaba da fitar da ganye da rassa, ƴaƴan su kumbura su yi lami. In ya ɗan ji ƙishirwa, sai ya daina yaɗo ya mai da ƙarfinsa ga ƴaƴa. Ƙwayoyin sukan fito ƙanana, fata mai kauri, launi da ɗanɗano a tattare. Nan ne ya bambanta da mai noman inabin ci, wanda ke neman manyan ƙwayoyi masu ruwa. Amma ƙishirwar tana da iyaka: in ta tsananta ganye yakan rufe ƙofofin numfashinsa, sukari ya daina taruwa, ƴaƴa su yanƙwane. Ruwan da ya sauka dab da ɗiba kuma yana fasa fatar ƙwaya ya jawo ruɓa.

A Mendoza ta Ajantina ruwan sama bai fi milimita 200 da ɗan kai a shekara ba, don haka gonakin sun dogara ga ban-ruwa daga dusar ƙanƙarar da ke narkewa a duwatsun Andes. A Faransa an daɗe ana hana ban-ruwa a gonakin da ke da sunan yanki, sai a 2006 wata doka ta ba da dama bisa sharuɗɗa.

A tsibirin Lanzarote na Sifaniya, daura da gaɓar Maroko, ruwan sama bai wuce milimita 150 ba. Bayan aman wutar dutse na 1730 zuwa 1736 ya rufe gonaki da baƙin toka, manoma suka koma haƙa rami mai faɗi ga kowane itace, su dasa shi a ƙasan ramin, su gina ɗan bangon dutse mai siffar rabin wata ta ɓangaren da iska ke bugowa. Tokar tana riƙe laima, bangon yana tare iska. Wanda ya ga tassa da rabin wata a gonakin jihar Tawa zai gane hikimar nan take. A tsibirin Santorini na Girka kuwa, naɗe rassan ake yi kamar kwando a ƙasa, ƴaƴan su girma a ciki, iska da rana ba su taɓa su sosai ba.

Ƙasa, gangare, tsayi da teku

Faransawa suna da kalmar terroir, wadda ta haɗa ƙasar wuri, yanayinsa, shimfiɗarsa da dabarun mutanensa. A kanta aka gina tsarin AOC a 1935, mai kare sunan yanki ta yadda wani ba zai sayar da kayansa da sunan ba. A Bourgogne an kasa gonaki zuwa filaye 1,247 masu suna da iyaka, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar: albasar Galmi da sunan garinta ake sayar da ita har ƙasashen gaɓar teku, kuma hukumar OAPI ta yi mata rajistar sunan yanki.

Babban aikin ƙasa a gonar inabi shi ne sarrafa ruwa da zafi. Ƙasa mai taki sosai irin ta fadama tana ba da ganye da yawan amfani, amma ba a samun inganci. Tsakuwar Médoc a Bordeaux tana tsiyaye ruwa da sauri, tana kuma ɗaukar zafi, abin da Cabernet Sauvignon ke so. Lakar Pomerol tana riƙe ruwa tana da sanyi, ta dace da Merlot. Allin da ke ƙarƙashin gonakin Champagne yana tsotse ruwa kamar soso ya riƙa saki a hankali. Farar ƙasar Jerez a kudancin Sifaniya tana ajiye ruwan hunturu har tsakiyar zafi. A Châteauneuf-du-Pape manyan duwatsu masu sulɓi sun rufe wasu gonaki, suna shan rana da yini su saki ɗumi da dare.

Gangare ma yana da tasiri. A kwarin kogin Mosel na Jamus, inda zafi ke ƙaranci, ana dasa Riesling a gangare masu tsananin tsayi da ke fuskantar kudu don su sami rana, baƙin dutsen wurin kuma yana riƙe ɗumi. Iska mai sanyi tana da nauyi, takan gangara ta kwanta a kwari, saboda haka gonar tsakiyar gangare ta fi tsira daga daskarewa.

Duk hawan mita 100 zafi yana raguwa da kimanin digiri 0.6. Wannan ne ya sa ake noman inabi a Cafayate, arewacin Ajantina, a tsayin mita 1,700, da kewayen Meknès a gindin duwatsun Atlas na Maroko, da tuddan Mascara, Tlemcen da Médéa a Aljeriya. Teku kuma tana rage zafin rana da tsananin sanyi. Igiyar ruwan sanyi ta Benguela tana sanyaya gonakin yankin Cape a Afirka ta Kudu, inda aka fara matsa inabi a 1659. Ta Humboldt tana yi wa Chile wannan aikin. A kwarin Rhône iskar mistral tana busar da ganye bayan ruwa, ta rage cuta.

Masifun da ke cinye amfani

Babbar barazana a wurare masu sanyi ita ce daskarewar dare bayan toho ya fito. Sabon toho yana mutuwa idan sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili. A 2021 ƙarshen Maris ya zo da ɗumi a Faransa, itatuwa suka yi toho da wuri, sai sanyi ya dawo a makon farko na Afrilu. Manoma sun kwana suna kunna dubban kyandirori tsakanin layuka, wasu har da jirage masu saukar ungulu don su motsa iska. Duk da haka abin da ƙasar ta samar a shekarar bai kai lita miliyar 4 ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar ƙasa da na 2020. Ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya kwatanta abin da mafi munin bala'in noma na farkon wannan ƙarni.

Ruwan ƙanƙara yana iya lalata gona cikin minti goma, shi ya sa manoman Mendoza da yawa ke rufe layukansu da raga. Zafi ma yana kisa: ranar 28 ga Yunin 2019 ma'auni ya kai digiri 46 a Vérargues, kudancin Faransa, mafi girma da aka taɓa aunawa a ƙasar, gonaki a Gard da Hérault suka bushe kamar an bi su da wuta. Gobarar daji kuma, ko ba ta kai gona ba, hayaƙinta yana shiga fatar ƙwaya ya bar warin toka, kamar yadda aka gani a Ostiraliya da Kaliforniya a 2020.

Ɗumi da laima idan suka haɗu suna kawo cututtukan fumfuna. Biyu mafi muni, oïdium da mildiou, daga Amurka suka shigo Turai a ƙarni na 19. Ana maganin na farko da farar wuta. Na biyu kuwa, Alexis Millardet ya bayyana maganinsa a 1885, wato haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa da ake kira bouillie bordelaise, wanda masu lambu ke amfani da shi har yau. A 2023 mildiou ya yi ɓarna mai yawa a Bordeaux da Italiya. Akwai wata fumfunar da takan zama alheri: a Sauternes, inda ƙaramin kogin Ciron mai sanyi ke haɗuwa da Garonne, hazon safe yana sa ta kama ƴaƴa, ranar la'asar ta busar da su, sukari ya taru ƙwarai. In ranar ba ta fito ba, ruɓa ce kawai.

Wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, shi ma daga Amurka, ya bayyana a kudancin Faransa a 1863 ya kashe yawancin gonakin Turai. Mafitar da aka samu ita ce aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya kashewa. Yawancin itatuwan inabin duniya a yau ƴan aure ne, ban da na wurare kamar Chile da ƙasa mai rairayi, inda ƙwaron ba ya yi. Wannan annoba ce ta sa Turawan mulkin mallaka suka cika Aljeriya da gonakin inabi, har suka kai kusan hekta 400,000 a shekarun 1930.

Inabi a ƙasashe masu zafi

Kusa da tsakiyar duniya babu sanyin da zai sa itacen barci, sai manomi ya tilasta masa. Yakan yanke ban-ruwa, ya cire ganye, ya datse rassa, sannan ya sake ba da ruwa don sabon toho ya fito lokacin da yake so. A kwarin kogin São Francisco na Brazil, wajen digiri 9 a kudu, ana ɗiba sau biyu a shekara ta wannan hanya. Haka ma a Dodoma ta Tanzaniya. A Nashik ta Indiya ana datsa sau biyu, a Afrilu da Oktoba, amma ɗiba ɗaya ake yi, a rani, don a kauce wa ruwan damina. A Habasha akwai gonaki kusa da Ziway, a tsayin mita 1,600.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta inabin da ake nomawa na ci ne. An san ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna da nomansa, haka ma lambunan Timia a duwatsun Abzin, inda tsayin wurin ke kawo sanyin dare. Ƙa'idar ɗaya ce da ta sauran wurare: laimar damina tana kawo fumfuna, zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana ƙona ƴaƴa, don haka gwanintar mai gona tana ga zaɓen ranar datsa, yadda ƴaƴan za su girma su nuna a busasshen lokaci mai sauƙin zafi.

Ɗumamar yanayi da matakan manoma

Abin da takardun Beaune suka nuna ana ganinsa a yawancin yankunan Faransa: ɗiba ta matso da mako biyu zuwa uku idan aka kwatanta da shekarun 1980, sukari ya ƙaru, tsami ya ragu. Saboda nunar ta dawo cikin Agusta, ƴaƴan suna haɗuwa da zafin da a da ba sa gani. Toho da wuri kuma yana ƙara haɗarin daskarewa. A 2024 giyar inabin da duniya ta samar ta tsaya a kusan lita miliyar 22 da rabi, mafi ƙaranci tun 1961, kuma OIV ta ɗora babban laifin a kan fari, ruwa mai yawa, sanyi da cututtuka.

Wani bincike da Cornelis van Leeuwen na Bordeaux ya jagoranta, wanda ya fito a 2024, ya yi gargaɗin cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na tsoffin yankunan inabi da ke bakin teku da kwaruruka a Sifaniya, Italiya, Girka da kudancin Kaliforniya suna iya daina dacewa da wannan noma kafin ƙarshen ƙarni, saboda fari da tsananin zafi. A gefe guda, wuraren da a da sanyi ya hana su sun fara samu. Kudancin Ingila yana da alli irin na Champagne, kuma a 2015 kamfanin Taittinger ya sayi fili a Kent don dasa inabi.

Matakan da manoma ke ɗauka sun kasu kashi uku. Na farko a cikin gona: barin ganye ya yi wa ƴaƴa inuwa, fesa farar laka a ganye don ta mayar da hasken rana, rufe ƙasa da ciyawa, jinkirta datsa don toho ya makara, da ɗiba cikin dare. Na biyu canza iri. A 2021 hukumar INAO ta yarda Bordeaux ta gwada sabbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional da Alvarinho na Fotugal, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na faɗin gona. Cibiyar binciken noma ta Faransa ta fitar da iri masu jure fumfuna a 2018, irin su Floreal da Voltis. Ana kuma komawa ga gindin aure mai jure fari kamar 110 Richter da 140 Ruggeri. Na uku ƙaura: iyalin Torres na Kataloniya sun dasa gonaki a Tremp, gindin duwatsun Pyrénées, a tsayin kusan mita 950.

Kowane mataki yana da tsada. Itacen da aka dasa bana sai bayan shekara uku zai ba da amfani, kuma zai zauna a gonar shekaru 30 ko 40, don haka manomi yana zaɓen iri ne don yanayin da bai gani ba tukuna. Babban kamfani yana iya sayen fili a kan dutse, ƙaramin manomi mai hekta biyar ba ya iyawa. Ma'aikata ma abin ya shafe su. A Champagne doka ta ce da hannu ake ɗiba, kuma kowace shekara ana ɗaukar ƴan ƙodago sama da 100,000, cikinsu har da baƙi daga gabashin Turai da Afirka. A Satumbar 2023, lokacin da zafi ya wuce digiri 30 ana tsakiyar ɗiba, aƙalla mutum huɗu daga cikinsu suka rasu a yankin. Tun daga nan batun awannin aiki, ruwan sha da inuwa a gonakin inabi ya shiga cikin abubuwan da hukumomi da ƙungiyoyin ƙodago na Faransa ke sa wa ido a kowace kaka.